Kashi Huɗu Cikin Ɗari da Muryoyin da ke Wayata

Anti Fauziyya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma haɗa min da bayani, domin rabin abin da ke damuna rashin fahimta ne. An ba ni zuwa Alhamis ɗin ƙarshen watan nan in ba da amsa a kan wata magana, ni kuwa har yanzu ban gane abin da ya same ni a karon farko ba.

Ni tafinta ce a Alƙahira. Karatu ya kawo ni shekara goma sha uku da suka wuce. Na gama kwalejin shari'a, na yi aure a nan, maigidana yana ƙarasa digirinsa na uku. Tun ina aji biyu na fara raka marasa lafiya 'yan gida asibiti, har abin ya zama sana'a. Mata nake yi wa aiki, yawancinsu masu neman haihuwa. Kafin mace ta taso daga gida takan turo min saƙon murya ta bayyana matsalarta, ni kuma in juya shi zuwa Larabci in tura wa likita. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa mahaifiyarta ba, ni take faɗa wa a saƙo na minti bakwai, wani lokaci tana magana tana kuka. Ban taɓa goge ko ɗaya ba, saboda likita kan tambayi abin da aka ce shekara biyu baya. Yanzu sun haura dubu tara.

Shekarar da aka fara sararawa daga korona, wani likita ya haɗa ni da wani matashi Bamisre, bari in kira shi Jamal. Ya buɗe kamfani a wani ɗaki biyu a unguwar Muhandisin, suna yin manhajar da za ta haɗa marasa lafiya daga Afirka ta Yamma da likitocin Masar: ka zaɓi likita, ka kama masauki, a ɗauko ka daga filin jirgi, duk a waya. Yana da manhaja, ba shi da mutane. Ni ina da littafi mai bangon kore, cike da suna da lambar duk wadda na taɓa rakawa, da likitocin da na yarda da su. Ya ce in kawo littafin, in riƙa jawo masa jama'a, ya ba ni kashi ɗaya cikin ɗari na kamfanin. Na sa hannu a takarda mai shafi talatin da Turanci. Shafi biyu na karanta.

Anti, ban taɓa ganin kuɗi na bin mutum kamar yadda suka bi yaron nan a shekara biyun nan ba. Masu zuba jari suna zuwa daga Dubai da Turai, wasu ma ba su zo ba, ta bidiyo suka gan shi suka turo. Aka bar ɗaki biyu aka koma hawa guda na wani bene mai gilashi, ma'aikata daga bakwai suka zama ɗari da arba'in, ga kofi kyauta, ga teburin wasan ƙwallo a tsakiyar ofis. Mara lafiya ba ta biyan kuɗin mota daga filin jirgi, ba ta biyan ganin likita na farko, ana kuma rage mata kuɗin masauki. Ni 'yar ɗan kasuwa ce, babana yana sayar da atamfa, don haka na tambayi Jamal ina ribar take, tunda duk wadda ta shigo asara muke yi a kanta. Ya yi dariya ya ce min ya doktora, haka yake kirana ko da yake ya san ba ni da wannan digirin, ya ce riba maganar tsofaffi ce, yanzu kasuwa ake saye, ribar za ta biyo baya. Na ga mutane masu kwat da suka fi ni karatu suna gyaɗa kai, sai ni ma na bi su.

Ga wautar da na yi, ki yi dariya in kina so, ni ma yanzu ina yi. Da masu jari suka shigo karon farko, aka sanar cewa darajar kamfanin dala miliyan huɗu ce. Na zauna da biro na ga kashi ɗayana ya zama dala dubu arba'in. Ni da na ci mumtaz, maki mafi girma, a babin zakka, me kike tsammani zan yi? Da shekara ta zagayo na fitar da rubu'in ushuri daga ajiyata. Shekara ta biyu aka ce miliyan ashirin, nawa dubu ɗari biyu ke nan, zakka dala dubu biyar. Ba ni da su. Sai na kwashi awarwarona da sarƙar aurena na kai wa masu zinare na sayar. Maigidana ya ce in dakata in tambayi malamai, domin bai taɓa ganin dukiyar da mai ita ba ya iya taɓa ta ba. Na tuna masa makin da ya ci a wannan babin da wanda na ci. Da kuɗin na kama wa wasu ɗalibai mata uku shaƙƙa, wato gidan haya, kusa da mu a unguwar Madinat Nasr, sauran na raba. Labari ya bazu, aka koma kirana Hajiya mai kamfani. Maƙwabciyata Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai haɗa turare, ita kaɗai ce ba ta ruɗu ba. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin miloniyar da ke tsere da maikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, tana riƙe da jakar mara lafiya ba.

Daga nan komai ya juya. Aka ce ruwan bashi ya tashi a Amurka, fam ɗin Masar ya faɗi, naira ma ta bi shi. Masu jarin da ake jira karo na uku suka daina ɗaga waya. Cikin wata biyar ma'aikata suka koma goma sha biyu. Ranar da na je ofis na ƙarshe na tarar ana sauke teburin ƙwallon nan ta matakala. Aka sayar da abin da ya rage ga wani rukunin asibitoci, masu jari suka raba ɗan abin da aka samu, ni kuma aka turo min wasiƙa mai layi shida ana gode min.

Zinaren ba shi ne ya fi ci min rai ba. Cikin abin da aka sayar har da jerin sunayen da suka fito daga littafina. Sababbin masu shi suka fara tura tallar dashen ciki ga duk lambar da ke ciki, da sunan mace a sama. Akwai wata baiwar Allah daga Gusau da ta zo da mijinta, suka gaya wa dangi ciwon ido ne ya kawo su. Lambar da ta rubuta min ta yayan mijinta ce, don shi ya biya kuɗin jirgi kuma shi ake tuntuɓa. Shi saƙon ya je wa. Ta kira ni sau ɗaya. Ba ta zage ni ba, tambaya kawai ta yi ko ni na ba da lambar. Na ce mata kamfani ne. Ta ce to, Allah ya kyauta, ta kashe. A da tana turo min mata biyu ko uku duk shekara. Tun daga ranar ba ta sake turo kowa ba, ni kuma ban sake kiranta ba.

Wata biyu da suka wuce Jamal ya neme ni. Ya rame, ya daina sa rigar kamfani, ya ba ni haƙuri da bakinsa, kuma na san shi ma ya sayar da motarsa ya biya ma'aikata albashin ƙarshe. Ya buɗe sabon kamfani. Yanzu na'ura suke koya wa tafinta tsakanin likita da mara lafiya, kuma biyu daga cikin masu jarin da suka yi asarar miliyoyi a hannunsa su ne suka sake ba shi kuɗi. Abin da yake so a wurina saƙonnin muryar nan ne dubu tara tare da fassarata, domin ya ce babu mai irinsu a duniya. Zai ba ni kashi huɗu cikin ɗari, da ɗan albashi, da iƙama ta aiki, wato izinin zama a ƙasa, a kuma rubuta sunana cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Ya ce za a cire sunayen matan.

Ba zan ɓoye miki ba, ina so. Aiki ya ja baya sosai tun da naira ta faɗi. Iƙamarmu ta karatun maigidana ce, tana ƙarewa da ya kare digirinsa. Har yau ni ke biyan hayar 'yan matan nan uku daga guminmu, don na kasa buɗe baki in ce musu Hajiya mai kamfani ba ta da kamfani. Maigidana ya ce wannan karon ba zai ce komai ba sai na tambaye shi.

To ga tambayoyina. Dala dubu ɗari biyun nan, na taɓa mallakarsu ko ban taɓa ba, kuma ina suka tafi? Me ya sa waɗanda suka fi ni asara nesa ba kusa ba suka sake miƙa masa kuɗi suna murmushi? Ko akwai abin da suka sani wanda ni ban sani ba, har in na ƙi in zama wadda ta yi asara sau biyu, ta shiga wanda ya mutu ta kuma bar wanda zai rayu? Sannan in ba shi muryoyin?

Tafintar Madinat Nasr

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na yi dariyar da kika ba ni izini, amma kaɗan, domin tambayar da kika yi wa Jamal game da riba ita ce tambaya mafi hankali da aka yi a wannan ofishin. Bari in bi tambayoyinki yadda kika jero su.

Ba ki taɓa mallakar dala dubu ɗari biyu ba. Ki ɗauka babanki yana da turmin atamfa ɗari, wani ya zo ya sayi goma a farashi mai tsada ƙwarai. Sai a ninka wannan farashin a ce kuɗin kayan shagon ke nan. Amma babu wanda ya yi alkawarin sayen sauran casa'in ɗin, ke kuma an hana ki fitar da turminki ɗaya kasuwa. Abin da ake kira darajar kamfani ke nan: farashin yankin da aka sayar na ƙarshe, a ranar da masu saye ke tururuwa. Miliyan ashirin ba ta taɓa zama a wani asusu ba, don haka babu inda ta tafi. Kuɗin da suka shiga da gaske ba su kai haka ba, kuma kin ga inda suka tafi da idonki: albashin mutum ɗari da arba'in, hawa mai gilashi, da motar filin jirgin da kowace baƙuwarki ta hau kyauta. Ina kuma kyautata zaton a cikin shafi ashirin da takwas ɗin da ba ki karanta ba akwai abu biyu da aka saba rubutawa. Na farko, duk lokacin da sababbin masu jari suka shigo, kason tsofaffi yana raguwa, wataƙila ɗayanki ya daɗe da zama ƙasa da ɗaya. Na biyu, in an sayar da kamfani, masu kuɗi ake fara biya, masu irin kasonki sai in wani abu ya rage. Wasiƙarki mai layi shida daga nan ta fito.

Maganar zakka ba fannina ba ce, kin fi ni saninta. Malamai sun yi bayani a kan hannun jarin da ba a iya sayarwa, kuma kina zaune a garin da ba a rasa wanda za a tambaya. Ki tambaya, ki kuma fara da na cikin gidanki, wato maigida, ya jira ya isa. Abin da na sani shi ne 'yan mata uku sun kwana a ɗaki mai ƙofa saboda awarwaronki, wannan ba asara ba ce. Amma ki zaunar da su a makon nan ki gaya musu gaskiya, ki ba su wata uku su nemi mafita, ki taya su nema. Ɗalibai sun fi kowa sanin abin da ake nufi da kuɗi sun ƙare.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi ba mutane mamaki. Masu irin wannan jarin ba sa sa kuɗi a kamfani ɗaya. Sukan raba a ashirin ko talatin, sun kuma san tun farko cewa mafi yawansu za su mutu. Fatansu ɗaya ya yi girman da zai biya asarar sauran. Mutuwar kamfanin Jamal a wurinsu layi ɗaya ne cikin jeri, an ma yi lissafinsa kafin ya faru. Suna kuma ganin wanda ya taɓa faɗuwa, bai yi sata ba, ya fi sabon shiga sanin hanya. Ƙara da cewa kuɗin nan suna bin yayi. Shekarun baya manhajar da ke haɗa mai saye da mai sayarwa ce yayi, yanzu na'ura mai magana ce. An yi irin wannan guguwar a farkon intanet, wajen shekarar dubu biyu: kamfanoni da yawa suka mutu, ƙalilan suka rayu suka zama manya, babu kuma wanda ya iya nuna su tun da wuri. Saboda haka ba wani sirri suka sani ba. Bambancinku shi ne su suna iya faɗuwa sau goma sha tara su tashi, ke abu ɗaya gare ki, amanar matan nan, kuma in ta fita ba ta dawowa.

Yanzu ga wadda take da wa'adi. Zan yi wa Jamal adalci. Ban ga alamar ɗan damfara a labarinki ba, kuma abin da yake son ginawa yana da amfani: akwai matan da ke tsayawa gaban likita babu tafinta, ko tafintan namiji ne suna jin nauyinsa. Bukatarki ta iƙama da albashi ma ba abin kunya ba ce. Duk da haka amsata ita ce kada ki ba shi. Muryoyin nan a wayarki suke, amma ba naki ba ne. Kowace mace ta turo nata ne don likita ɗaya ya ji. Cire suna kuma ba ya ɓoye murya. A cikin minti bakwai mace za ta ambaci garinsu, da sana'ar mijinta, da shekarun aurenta, da sunan asibitin da aka yi mata aiki. 'Yar'uwarta za ta gane ta a daƙiƙa biyar. Kin riga kin ga abin da ke faruwa da kayan kamfani in ya mutu: ana sayar da su tare da tebura, ga wanda bai yi miki alkawarin komai ba. Wancan karon suna da lamba ne kawai. Ki tuna kuma akwai dokokin kare bayanan mutane a Masar da Najeriya, kuma ke za a fara nema, ba na'urar ba.

Wannan ba yana nufin ki rufe ƙofa ba. Abin da babu mai irinsa ba saƙonnin ba ne kaɗai, har da ke, wadda ta san yadda Bahaushiya ke kewaye-kewaye kafin ta faɗi inda ke mata ciwo, da yadda ake mai da wannan Larabcin likita. Ki kai masa tayinki. Za ki tsara misalan hira daga ƙwarewarki ba tare da labarin kowa ba, ki nemo matan da za su karanta su da yardarsu a rubuce, a biya su. Ga ɗalibai ukun nan da ke bukatar kuɗin haya. Ke kuma a biya ki albashin da zai riƙe gida kowane wata, kason kamfani ya zama ƙari, wanda za ki ɗauke shi a matsayin sifiri har ranar da wani ya ba ki kuɗi a hannu ya karɓa. Ki nemi lauya naki, ba na kamfani ba, ya karanta miki kowane shafi, ki kuma sa a amsa miki a rubuce: wa ake fara biya in an sayar, me zai rage daga kashi huɗun bayan masu jari sun sake shigowa, kuma ina muryoyin da aka ɗauka za su tafi in kamfanin ya rufe. In Jamal ya yarda, kin sami aiki na gaskiya. In ya ce sai dai tsofaffin saƙonnin ko a fasa, kin san wayarki yake so ya ɗauka aiki, ba ke ba. Yana yiwuwa kamfaninsa ya zama ɗaya cikin ashirin ɗin nan, ki ji labari daga nesa. Ba zan ce miki ba zai yi ciwo ba. Amma za ki iya ɗaga waya duk wadda ta kira.

Abu na ƙarshe, shi ne kuma na farko a aikace. Kin gaya wa matar Gusau kamfani ne, alhali ke kika miƙa littafin. Kafin ki amsa wa Jamal ranar Alhamis, ki kira ta ranar Laraba. Ki gaya mata yadda aka yi, ki nemi gafararta, kada ki roƙe ta komai bayan haka. Sannan ki tambaye ta abin da take so ki yi da saƙonninta da ke wayarki, ki kuma yi abin da ta ce. Ina ganin idan kika ajiye wannan wayar, ba za ki ƙara bukatar shawarata a kan amsar Alhamis ba.

Allah ya mayar miki da abin da ya fi awarwaronki, ya ba maigida sa'ar kare digirinsa, ya kuma ba matan da kike rakawa abin da suka zo nema.

Fauziyya